Yadda Helma Shittu Ya Cike Kwazazzabo

Hanyar da ta hau fako daga Rabah ta gangara Wurno ta ci rayuka masu yawa a zamanin Turawa. Yawancinsu na jakuna ne.

Na mutane ma akwai, sai dai ba a cika jin labarinsu ba, domin jaki yana da mai shi da zai kai kuka gaban hakimi, matafiyi kuwa sau da yawa babu wanda ya san ya taso.

Wanda bai san wurin ba zai ɗauka wani abin tsoro ne. Tudu ne kawai, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, tafiyar rabin wuni, jar marmara tun daga wannan baki har wancan. Babu rijiya. Babu inuwa sai ta sabara, wadda ko akuya sai ta durƙusa za ta shiga. Da bazara ƙishirwa ke kashe mutum, da damina kuwa aradu, don a can sama babu abin da ya fi matafiyi tsawo. Sauran watannin kura ke riƙon wurin.

Fatake ne suka fara taka hanyar tun kafin a san Nasara, masu kanwa da gishiri da masu goro, suna gudun laka ta fadamar Rima. Da Turawa suka zo, wani mai awon ƙasa ya ɗora rula a kan taswira ya ja layi, layin ya faɗa daidai kan sawun jakuna, aka yaba wa ilminsa ƙwarai. Aka fito da talakawa suka share ta da faɗin mota. Mota kuwa takan bi ta sau uku a shekara, idan shekarar ta yi albarka.

A tsakiyar fakon, inda hanyar Goronyo ta rabu, akwai tsibin duwatsu wanda ya fi mutum tsawo, faɗinsa ya kai ɗaki biyu. Al'adar wurin ita ce, duk mai hawa fako zai ɗauki dutse guda tun daga gindin hawa, ya riƙe shi a hannu har ya iso tsibin, ya jefa, ya ce "Ga nawa," ya wuce ba waiwaye. Mutanen Rara sun ce wani madugu ne a ƙarƙashi, aradu ta faɗa masa. Na Maikujera sun ce mace ce da goyonta, ƙishirwa ta kashe su. Na Kwargaba, waɗanda cinikin albasa ya koya wa rashin yarda da maganar kowa, cewa suke yi babu kowa a ƙasa. Amma su ma suna jefawa.

Mutum ɗaya ne ba ya jefawa, shi ne Shittu, helman hanya, wato shugaban leburorinta. Shekararsa goma sha ɗaya yana kula da ita da leburori shida, da diga biyu, da jaki ɗaya, da wata jar hula mai lambar tagulla da En'e, hukumar sarki, ta ba shi. Ya yi karatun allo har ya sauke, ya ɗan leƙa littattafai, saboda haka ya san camfi idan ya gan shi. Ban da haka, a ganinsa, mutumin da aikinsa kawar da duwatsu daga hanya ne bai kamata a gan shi yana hawo da su ba.

Shekarar da abin ya faru ana tsakiyar yaƙin Turawa na biyu, ana diban gwamna. Kowace gunduma an yanka mata yawan mazan da za ta aika haƙar kuza a tsaunukan Jos. Waɗanda suka tafi da lafiya sukan dawo da tari. Waɗanda suka tafi da tari ba a cika samun bayaninsu ba. Leburorin hanya ne kawai ba a taɓawa, don an ce su ma aikin gwamna suke yi. Shi ya sa Shittu ya rubuta sunan ƙanensa Mode cikin leburorinsa, magidanci mai 'ya'ya uku, mai tari tun yana ƙarami, wanda ba ya iya ɗaga diga sau goma a jere sai ya zauna. Kowa ya san dalili, babu wanda ya yi magana.

Ran Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye suka hau fako suka tarar ruwa ya yanke hanya, taki arba'in daga tsibin. Kwazazzabo ne sabo fil, faɗinsa taki biyu, zurfinsa ya shanye tsayin mutum. Suka wuni suna saran marmara, ita kuwa marmara ba ta bayar da kanta da arha. Kafin la'asar diga ɗaya ta karye, abin da suka zuba bai kai gwiwa ba.

Suna cikin haka sai ga Ƙasimu, dogarin hakimi, bisa doki. Bai sauka ba. Ya leƙa ramin, ya daɗe yana leƙe.

"Helma, sannunku da aiki. Gobe da hantsi motar Di'o za ta biyo nan."

"Gobe Jumma'a?"

"Ita. Shina son ya yi rangadi ya kwana Goronyo." Ƙasimu ya gyara linzami. "Kuma an ce in hwaɗa maka, in mota ta tsaya ga hanyag ga, to leburorin hanya ba su da amhwani. Ga shi kuwa mutum shidda anka rasa ga cikon masu tahiya kuza. Ka ga yadda Allah ka haɗa lamari."

"Malam Ƙasimu, ka dubi ramin ga da idonka. Aikin kwana huɗu na, ko da mutum ashirin."

"Ni saƙo anka ba ni, Helma, ba shebur ba."

Ya juya dokinsa. Mode ya so ya ce wani abu, tari ya riga shi.

Shittu ya tsaya yana duban fako, gabas da yamma. Babu sakakken dutse ko na jifar kare, ko'ina marmara ce a manne. Sai wuri ɗaya. Leburorin suka ga inda idonsa ya tsaya.

Abdulƙadiri, dattijon cikinsu, ya ajiye kwandonsa a hankali.

"Helma, mi kaka kallo?"

"Baba Ƙadiri, duwatsu na. Ba su da uwa, ba su da uba."

"Kowane da mai shi."

"Masu su sun mutu tun ba a haihe mu ba. Mu ko muna da rai, kuma gobe za a rubuta mu."

"Kuza dai wani bi ana dawowa," in ji tsohon. Ya ɗauki sandarsa. "Ni ban taɓa tsibin ga. Ka yi haƙuri, ɗana."

Shittu ya roƙe su. Ya tuna musu ranar da ya rufa wa kowannensu asiri. Ya yi faɗa, ya ambaci En'e, ya taɓa lambar hularsa. Suka saurara da ladabi har ya gama, sannan suka bi tsohon ɗaya bayan ɗaya. Mode kaɗai ya rage, yana murza bakin rigarsa.

"Yaya, ni in tsaya."

"Ka tsaya ka yi mini mi? Tari? Tahi gida tun raɓa ba ta sauko ba. Ka ce ma matata Turai ta aje mini tuwo, ina nan tahe bayan magariba."

Mode ya tafi yana waiwaye. Shittu ya ɗaura wa jaki mangala.

Duwatsun sama ba su ba shi wahala ba. Jajaye ne, irin na gindin hawa, da ɗumin rana a jikinsu. Ya cika mangala, ya kora jaki taki arba'in, ya juye, ya komo. Ya yi sawu uku, ya yi biyar. Babu abin da ya faru. Har ya ɗan yi dariya shi kaɗai, ya ce a ransa gobe zai ga idon Baba Ƙadiri.

Daga sawu na shida duwatsun suka canza. Ya fara ciro baƙaƙe masu santsi, da farare irin na gulbi, da wani kore-kore da bai taɓa ganin irinsa ba a ƙasar nan. Ya ciro ɓarin dutsen niƙa, gefensa ya lashe da hannun mata. Dukansu da sanyi kamar an tsamo su daga randa. Wani wari ya taso daga cikin tsibin, ba na mushe ba, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

A sawu na tara jaki ya toge. Ya kafe ƙafafu huɗu, kunnuwa a miƙe, yana duban hanyar Goronyo inda babu komai. Shittu ya ɗaga sanda. Jakin ya zubar da mangala ya zura da gudu, irin gudun da bai taɓa yi wa En'e ba cikin shekara bakwai.

Rana ta yi ja, ta zauna a bakin fako.

Shittu ya koma ɗauka da kwando a ka. Wuyansa ya sage, tafin hannunsa ya tsage. Da ya ga abin da ya zuba ya ɗan taru, sai ya sauka cikin ramin don ya jera, domin duk helman kirki ya san dutsen da aka watsa kawai yakan zame ƙarƙashin mota. Manya a ƙasa, ƙanana a tsakani, a danna da dunduniya. Yana cikin dannawa ƙafarsa ta dama ta zurma tsakanin duwatsu biyu. Ɓarin dutsen niƙan nan ya mirgino a hankali, kamar mai neman wurin zama, ya kwanta a kan idon sawunsa.

Ya ja. Ya tura. Ya sa hannu biyu ya yi nishi. Dutsen da ya ɗauko da kansa ɗazu ya ƙi ko motsi.

Bakin ramin yana sama da kansa da kamu ɗaya. Abin da yake gani kawai sararin sama ne, tsiriri, ja kamar garwashi. Ya yi kira sau biyu, ya daina, don ya san nisan gida. Ya fara tunanin gobe: mota ta iso, ta tsaya, Bature ya leƙo ya tarar da helman hanya a cikin ramin da aka ce ya cike. Ya ga Mode a jerin masu tafiya, da ɗan ƙunshinsa, yana tari. Ya sake jan ƙafar har ya ji fata ta yage.

Sai gyare suka yi shiru.

Ba a hankali ba. Gaba ɗaya, kamar an rufe su da ƙwarya.

Iska ta kawo wari. Kanwa. Ɗanyen goro cikin ganye. Tsohuwar fata, zufar dabbobi, hayaƙin zango da ya kama tufafi.

Can nesa, ƙararrawa. Ƙaramar ƙararrawa irin ta wuyan raƙumi, tana kaɗawa a sannu.

Ayari! Shittu ya yi hamdala, ya cika ƙirji zai yi ihu. Kafin ya buɗe baki ya tuna wata biyu ke nan da faɗuwar damina, babu mai hawo da raƙumi fako a wannan lokaci. Ya kuma tuna rabon da a ga madugu a hanyar nan tun yana yaro.

Ya rufe bakinsa.

Sawaye suka matso. Kofato, da tafin raƙumi mai laushi, da takalman fata, da ƙafa tsirara. Da yawa. Babu mai tari, babu mai tsawata wa dabba, babu mai waƙa. Suka tsaya can wajen tsibin.

Sannan raɗa.

"An ɗauke."

"Ina anka kai?"

"Ga shi can."

Sawayen suka juyo.

Shittu ya manne da bangon rami. Ya ɗaga ido. Bakin ramin a fili yake, jan sama a bayansa, ko kan kara ba ya gani. Amma ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan daga gefen, kamar yadda take yi idan mutum ya tsaya a kai.

"Ga nawa."

Ƙwas.

Dutse ya sauka kusa da gwiwarsa. Ba jifa ba ce ta mugunta. A hankali aka sako shi, yadda ake yi wa tsibi. Ya taɓa ƙaurinsa, sanyi ya ratsa har ƙashi.

Sawu ya wuce. Wani ya matso.

"Ga nawa."

Ƙwas.

Muryar tsoho. Bayanta ta saurayi. Bayanta wata mai harshen Buzaye, da wata ta Zabarmawa, da ta Bakano mai cewa "nawa" yana ja. Kowa ya saki nasa ya wuce. Babu mai gaggawa. Babu mai waiwaye.

Shittu ya nemi addu'a. Duk abin da ya haddace tun yana gaban malam ya watse, sai bisimilla kawai, ita ma ta ƙi fitowa. Da kyar ya tattaro murya, ta fito kamar ta mai ciwon wuya.

"Bayin Allah. Akwai mutum nan ƙasa."

Sawayen suka dakata.

"Mun sani," aka ce, dab da kansa. "Tsibi ba shi zama babu mutum ƙasa."

Ƙwas.

Duwatsu suka rufe gwiwoyinsa. Ya riƙa kamawa yana turawa gefe, ya ture ɗaya uku su sauko. Farcensa ya ɓalle. Jan sama ya koma toka-toka.

Wata murya ta mace, siririya, busasshiya kamar ba ta sha ruwa ba tun da daɗewa.

"Ga nawa." Ƙwas. "Ga na yaro."

Wata 'yar tsakuwa, ba ta fi ƙwayar gujiya ba, ta faɗo kan kafaɗarsa ta gangara cikin rigarsa.

Suka kai ƙugu.

"Helma." Muryar farko ce, ta dattijo, mai sanyi, irin ta wanda ya saba a saurare shi. "Kai ina naka?"

Shittu ya ture wani dutse gefe, muryar ta ci gaba.

"Shekara goma sha ɗaya muna ganin wucewarka. Sahe da marece."

"Ban sani ba," ya ce. Hawaye da majina sun haɗu a gemunsa. "Wallahi camhi na ɗauka. Ƙanena za su kai kuza. Shina da tari. Ku yi mini rai."

Aka yi raɗe-raɗe, kamar ana shawara.

"Ba komi. Kai kanka ka isa."

Ƙwas. Ƙwas.

Suka kai ciki. Suka kai haƙarƙari. Numfashi ya zama aiki.

A nan ne wani tunani ya zo masa, wanda daga baya ya ce ya fi duwatsun ba shi tsoro. Ya lura ba a watse suke sauka ba. Manya suna komawa ƙasa, ƙanana suna shiga tsakani, kowane yana samun gurbinsa. Aiki ne mai kyau. Idan aka ci gaba a haka, kafin asuba ramin ya cika daidai da hanya. Mota za ta wuce. Ba za a rubuta Mode ba.

Ya daina turewa.

Ya sauke hannuwansa a kan duwatsun, ya rufe ido.

Sai ya ji tari.

Can baya, a ƙarshen jerin. Busasshen tari mai kama biyu-biyu, sannan shaƙa. Ya san shi kamar yadda ya san sunansa, shekara talatin yana jin sa ta bayan darni.

Ya buɗe ido. A'a. Ba da shi ba. Me ya kai shi cikinsu? Ya faɗi a hanya? Kura? Ko kuwa waɗannan ba na da ba ne kawai, har da na gobe?

Tarin ya matso.

Sawu goma. Biyar.

Ya tsaya a bakin rami.

"Ga nawa," in ji muryar Mode.

Dutsen ya sami Shittu a tsakiyar goshi. Ya ga wuta. Jini ya zubo masa a ido. Amma dutsen da ɗumi, ɗumin tafin hannun mai rai da ya riƙo shi tun daga gindin hawa.

"Uwaka, Mode!"

Zagin ya fito da dukan ƙarfin da addu'a ta kasa samu. Uwarsu ɗaya, amma ba lokacin duba wannan ba ne.

"Yaya? La'ilaha illallahu! Yaya, kai na?"

Kai ya leƙo, baƙi a kan hasken taurari. Kai na gaske, da kunnuwa.

"Jaki yad dawo gida shi kaɗai, Turai tac ce in zo in... Na ishe tsibi ya ƙaura, ban san inda za ni aje..."

"Sauko! Tona!"

Mode ya diro. Ya fara kwasa da hannu biyu yana watsawa baya, yana tari, yana kwasa. Mutumin da ba ya ɗaga diga sau goma. Ƙirji ya fito. Ciki ya fito.

Ƙwas.

Dutse ya sauka a gadon bayan Mode. Ya daskare.

"Yaya," ya raɗa, "wa ka jihwa?"

"Kak ka duba sama. Tona."

Ƙwas. Ƙwas. Yanzu ba a cewa komai. Saukowa kawai suke yi, sun fi na ɗazu sauri.

Cinya ta fito. Gwiwa. Mode ya laluba ya sami ƙotar digar da ta karye, ya cusa ƙarƙashin dutsen niƙa, ya hau kai da dukan nauyinsa, wanda ba shi da yawa. Dutsen ya ɗaga kamar faɗin yatsa biyu.

Shittu ya fizge. Ƙafar ta fito, ta bar takalmi da fatar idon sawu a ciki.

Mode ya durƙusa, wan ya taka bayansa ya haye, ya miƙo hannu ya jawo shi. Wajen hawan, jar hular ta zame daga kan Shittu ta koma rami. Lambar tagulla ta yi ƙara a kan dutse. Mode ya juya zai koma.

"Bar ta!"

A daidai kunnuwansu, tsakaninsu su biyu, inda babu kowa, muryar dattijon nan ta ce a hankali:

"Ga nashi."

Ba su san yadda suka sauka fako ba. Mode ya ce shi ya goyo wansa, Shittu ya ce shi ya jawo ƙanensa, har suka tsufa ba su daidaita ba. Abin da suka yarda a kai shi ne babu wanda ya waiwaya, kuma har suka kai gindin hawa suna jin ƙwas, ƙwas a bayansu, a sannu, kamar mata na sussuka a wani gari mai nisa.

Da safe Baba Ƙadiri ya hau da sauran leburori, a dunƙule kamar tumaki, kowa da dutsensa a hannu. Suka tarar kwazazzabo ya cika daidai da hanya, a daddanne, ko tsinin wuƙa ba ya shiga tsakani. Tsibi kuwa babu shi, sai da'irar farar ƙasa inda ya zauna. Babu kabari, babu ƙashi, babu komai. Ashe mutanen Kwargaba ne ke da gaskiya, kuma an ce ba su ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Mai hankali yana da bayani. Zai ce mutumin da ya wuni a rana ba ci ba sha, ga tsoro ga ciwo, babu abin da ba zai ji ba. Zai ce gefen rami ne ya riƙa zubowa bayan ruwa. Bayani ne mai kyau, kuma zai fi kyau idan aka sami wanda zai faɗi yadda gefen rami ya yi tafiyar taki arba'in ya kwaso ragowar tsibi.

Da hantsi mota ta iso. An ɗauko Shittu a kan jaki, ƙafa a naɗe da tsumma, goshi a kumbure, kai babu hula. Motar ta bi ta kan wurin ko girgiza ba ta yi ba. Di'o ya sa aka tsaya, ya fito, ya doddoka duwatsun da takalminsa, ya tsuguna ya duba yadda aka jera su. Ya tambaya ta bakin tafinta mutum nawa suka yi aikin. Shittu ya ce bai ƙirga ba. Bature ya yi dariya, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya wuce Goronyo.

Ba a rubuta ko ɗaya daga leburorin cikin masu tafiya kuza ba. Mode ya rayu da tarinsa har ya aurar da jikoki. Shittu ya yi ɗingishi har ƙarshen ransa, kuma tun daga ranar ba a sake ganin ya hau fako hannu sake ba. Biyu yake ɗauka, babba da 'yar tsakuwa, ya ajiye a gefen hanya daidai wurin. Idan aka tambaye shi, sai ya ce har yanzu camfi ne, shi dai yana rage wa gindin hawa duwatsu ne kawai.

Bayan sati uku takarda ta zo daga Sakkwato, Ƙasimu dogari ya kawo ta da kansa, wannan karon har ya sauka daga doki. An yaba wa Helma Shittu, an ce a duk lardin ba a ga ciko mai kyan nasa ba, an kuma umarta ya gyara sauran kwazazzaban hanyar daidai yadda ya gyara wannan, kafin ƙarshen damina.

Guda goma sha huɗu ne.